Yadda Ake Daskarar da Ƙanƙara da Hana Ta Saurin Narkewa a Zafin Kumasi

Sana'ar abin sha mai sanyi tana riƙe da gidaje masu yawa a unguwannin Aboabo, Asawase, Sawaba da Alabar da ke Kumasi a ƙasar Ghana, musamman a watan azumi, wanda a 'yan shekarun nan yake faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da zafin rana a Kumasi yake kan ganiyarsa. Sobolo (zoɓo), lamurji, burkina (abin sha na gero da madara) da ruwan leda duk sanyinsu ake saye, ribarsu kuma siririya ce, don haka ƙanƙarar da ta narke kafin la'asar tana iya cinye wahalar yini guda. Mafi yawan wannan asara ana iya kauce mata ba tare da an ƙara jari ba, muddin an fahimci abin da ke faruwa sa'ad da ruwa ya daskare da sa'ad da ya narke, aka kuma tsara aiki a kan wannan fahimta.

Abu na farko shi ne a san cewa zafi ne yake tafiya, kuma kullum daga abin da ya fi ɗumi yake tashi zuwa abin da bai kai shi ba. Idan aka ajiye kwalbar sobolo a jikin ƙanƙara, zafin da ke cikin kwalbar ne yake fita ya shiga ƙanƙarar, ita kuma ta tsotse shi kamar yadda soso yake tsotse ruwa. Ruwa yana da siffofi uku, wato ƙanƙara, ruwan da muke sha, da tururi, kuma duk lokacin da zai sauya daga wata siffa zuwa wata sai ya karɓi zafi mai yawa ko ya saki mai yawa, alhali ma'aunin zafi yana tsaye wuri ɗaya. Joseph Black, wani malamin kimiyya a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, shi ne ya bayyana wannan a farkon shekarun 1760, bayan ya lura cewa ƙanƙarar da ke narkewa tana ta shan zafi amma ba ta wuce digiri 0 har sai ta narke gaba ɗaya.

Lissafin yana da sauƙi, kuma ya cancanci mai sana'a ta riƙe shi a ka. Da kilojul ake auna yawan zafin da ya shiga abu ko ya fita daga cikinsa. Ana buƙatar a cire kimanin kilojul 4.2 domin a rage wa lita ɗaya ta ruwa digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas. Kilo ɗaya na ƙanƙara kuwa yana shanye kilojul 334 kafin ya gama narkewa, wato daidai da zafin da za a cire idan ana son sauke lita ɗaya ta ruwa daga digiri 80 zuwa 0. A nan duk amfanin ƙanƙara yake. Jakar ruwan leda mai guda 30, kowace rabin lita, lita 15 ke nan. Idan ta sha rana ta kai digiri 30 ana kuma son ta sauko zuwa digiri 5, za ta cinye kusan kilo huɗu da rabi na ƙanƙara, tun kafin a lissafa zafin da ke shigowa daga waje. Wadda ta zuba ruwan da ya wuni a rana cikin kula, wato akwatin riƙe sanyi, ta ɗora masa dunƙule biyu ƙanana, bai kamata ta zargi mai sayar da ƙanƙara ba idan ta tarar babu komai da azahar.

Kafin a sa a firiza

A fara da ruwa mai tsabta, domin daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Da yawansu suna kwanciya ne kawai su farfaɗo idan ƙanƙarar ta narke. Duk ƙanƙarar da za ta shiga cikin abin sha kai tsaye dole a yi ta da ruwan da mutum zai yarda ya ba ɗansa ya sha, wato ruwan famfo ko na rijiya da aka tafasa, ko ruwan leda mai lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna. Annobar kwalara da ta auka wa Ghana a 2014, wadda ta fi tsanani a Accra, ta isa tunatarwa a kan wannan. Tafasa ruwa yana da wata fa'idar kuma: yana korar iskar da ta narke a cikinsa, ita ce kuwa take taruwa a tsakiyar dunƙule ta mai da shi fari fat, shi ya sa ƙanƙarar dafaffen ruwa ta fi fitowa garau.

Sai dai kada a sa komai a firiza da zafinsa. Litar ruwa mai digiri 30 tana buƙatar a cire mata kilojul 126 kafin ta kai bakin daskarewa, amma litar sobolon da aka sauke daga wuta tana digiri 90 tana buƙatar ninki uku na wannan, kuma zafin nata zai fara narkar da abin da ya riga ya daskare a kusa da ita. A tace sobolo, a rufe tukunyar, a tsoma gindinta cikin baho mai ruwan famfo, ana sauya ruwan idan ya yi ɗumi, har sai ta huce sarai.

Wajen ƙullawa, a bar wuri. Yawancin abubuwa suna tsukewa idan sun daskare, amma ruwa kumbura yake yi, yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari, domin ƙwayoyinsa suna jeruwa cikin wani tsari mai sarari a tsakaninsu. Shi ya sa ƙanƙara take yawo a saman ruwa, shi ya sa kuma kwalbar da aka cika maƙil take fashewa. A bar aƙalla kashi ɗaya cikin goma na kwalbar roba babu komai, a kuma ƙulla leda da ɗan sassauci. Kwalbar gilashi da lemon gwangwani mai gas ba su da wurin kwana a firiza ko kaɗan.

Girman dunƙule shi ne abin da aka fi yin sakaci da shi, alhali shi ne yake raba ƙanƙarar da za ta kai magariba da wadda za ta ƙare da hantsi. Zafi ta jikin ƙanƙara yake shiga, don haka gwargwadon faɗin jikin da ke buɗe, gwargwadon saurin narkewa. Dunƙule mai santimita 10 a kowane ɓangare yana da faɗin jiki murabba'in santimita 600. Idan aka yanka shi gutsi-gutsi masu santimita 2, za a sami guda 125, faɗin jikinsu a haɗe ya zama 3,000, wato ninki biyar, alhali nauyin bai ƙaru ba. Saboda haka wadda take son ƙanƙarar ajiya ta yi manyan dunƙule a cikin roba mai lita biyu ko uku, wadda kuma take son sanyaya kaya nan take ta farfasa. Sharaɗin kawai shi ne babban dunƙule yana jinkirin daskarewa, domin ɓawon ƙanƙarar da ya fara yi a waje yana tare wa zafin ciki hanyar fita. Idan kauri ya ninku, lokacin yakan wuce ninki biyu, yana iya kusantar ninki huɗu. A ganina mazubi mai faɗi wanda kaurinsa bai wuce tafin hannu ba shi ne daidai ga firizar gida.

A cikin firiza

Firiza ma da sauyin siffa take aiki. A cikin bututunta akwai wani sinadari da ke tafasa a sanyi ƙwarai, irin R134a da ke tafasa a wajen digiri 26 ƙasa da sifili, ko R600a da ke tafasa a wajen digiri 12 ƙasa da sifili. Yana zama tururi a bututun da ke kewaye da kaya, ya kwashe zafinsu, sannan injin ya matse tururin ya mai da shi ruwa a bututun waje, inda yake sakin zafin cikin ɗaki. Idan aka manna firiza da bango, ko aka jibga mata buhuna da tabarmi a gefe, ko aka ajiye ta kusa da murhun gawayi a ƙarƙashin rufin kwano, zafin ba zai sami mafita ba, injin zai yi ta gurnani yana cin kuɗin mita, ƙanƙara kuwa ba za ta yi tauri ba. A bar mata tazarar aƙalla tafin hannu ta kowane gefe, a kuma riƙa share ƙurar da ke taruwa a bayanta.

Kada a cika firiza da sabon kaya gaba ɗaya a dare guda. Domin a mai da litar ruwa mai digiri 30 ƙanƙara mai digiri 18 ƙasa da sifili, sai an cire mata kusan kilojul 500, kashi biyu cikin uku na wannan kuma a wajen daskarewar kanta yake tafiya. Kowace firiza tana da iyakar abin da za ta iya daskararwa a sa'a 24, kuma galibi an rubuta shi a jikinta ko a takardarta. A jera sabon kaya a jikin bango inda bututun yake, a bar 'yar tazara tsakaninsu, a tattara wanda ya riga ya daskare a tsakiya.

Gane ko dunƙule ya daskare har ciki aikin kunne ne. Na ga wata dattijuwa a Sawaba tana koya wa jikarta wannan da asuba, yarinyar ta ɗauko leda mai tauri kamar an gama, tana cewa, "Mma, ta yi." Dattijuwar ta karɓa, ta kai kusa da kunne ta girgiza, sannan ta ɗaga ta saitin fitila, sai ga wani kumfa ɗan ƙarami yana yawo a tsakiya. Ta ce, "Ki duba da kyau, 'yata, cikinta ruwa ne, mai da ta sai gobe." Gaskiyarta ce, domin dunƙulen da rabinsa ruwa ne rabin aiki kawai zai yi, ko da nauyinsa ɗaya da cikakke. Amma da zarar ya daskare har ciki, ƙarin kwanaki a firiza ba ya ƙara masa wani abin kirki: saukar da kilo ɗaya daga 0 zuwa 18 ƙasa da sifili kilojul 38 kawai yake tara masa, wajen kashi ɗaya cikin tara na abin da narkewa ke shanyewa.

Abin sha mai sukari yana da nasa hali. Sukari yana saukar da matakin daskarewa kaɗan ƙasa da sifili, kuma ruwan zalla ne yake fara daskarewa ya bar zaƙin ya taru a tsakiya. Idan aka miƙa wa mai saye sobolon da ya narke rabi, kurɓin farko zai yi zaƙi fiye da kima, na ƙarshe kuma ya zama salam. A bar shi ya kusa gama narkewa, a girgiza sosai, sannan a sayar. Burkina kuwa, tunda da madara ake yin ta, a riƙe ta ƙasa da digiri 5, kuma wadda ta yi ɗumi a kasuwa kada a mai da ita firiza domin gobe.

Idan aka ɗauke wuta

Waɗanda suka yi sana'ar nan a lokacin dumso na 2015, sa'ad da ake ɗauke wuta sa'a 24 a kawo ta sa'a 12, sun san darajar murfi a rufe. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka tana kwanciya a ƙasan firiza mai buɗewa ta sama, amma tana kwararowa waje daga firij mai ƙofa a gaba duk lokacin da aka buɗe shi. Hukumomin kula da abinci na Amurka suna cewa cikakkiyar firiza da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi kimanin sa'a 48, mai rabin kaya kuma sa'a 24. A ɗakin Zango mai rufin kwano a watan Maris, ya kamata a rage wannan lissafi. Darasin dai shi ne kada a bar firiza da sarari: duk gurbin da babu kaya a cike shi da kwalaben ruwa tun wuta tana nan. Idan wuta ta tafi ana iya lulluɓe firizar da bargo, amma a cire shi da zarar ta dawo. Idan kuma wutar ta ɗauke ta dawo nan take, a kashe soket a jira kamar minti biyar, domin matsin sinadarin da ke bututu ya daidaita kafin injin ya sake tashi.

A wurin sayarwa

Kular da ta kwana a ɗaki mai zafi tana cin ƙanƙara da jikinta, saboda haka a fara ɗauraye ta da ruwan sanyi, a kuma zuba mata kayan da suka kwana a firij. A jera kwalabe, a cusa farfasasshiyar ƙanƙara a tsakaninsu, a ɗora manyan dunƙule a sama, domin sanyayyiyar iska da ruwan narkewa ƙasa suke gangarawa su bi ta kan kaya. Duk sararin da ya rage a sama a cike shi da tsumma mai tsabta, busasshe. A ajiye kular a inuwa, a kan benci ko katako, domin siminti da kwalta suna riƙe zafin rana su tura shi ta gindi.

Yawan buɗe murfi ya fi ɓarna a Kumasi fiye da yadda zai yi a Tamale ko Bolga da rani, dalili kuwa danshi ne. Iskar yankin kurmi tana ɗauke da tururin ruwa mai yawa, kuma idan wannan tururi ya taɓa abu mai sanyi sai ya koma ruwa, wato gumin da ake gani a jikin kwalba. Wajen wannan komawar yana sakin zafi mai tsanani, har gram ɗaya na tururi yana iya narkar da kimanin gram 7 na ƙanƙara. Wadda take da hali ta riƙe kula biyu, ƙarama ta miƙa wa masu saye, babba kuma ta ajiya wadda ba za a buɗe ba sai za a cika ƙaramar.

Ana yawan gardama a kan ruwan da ya narke, ko a zubar ko a bari, amsar kuma ta danganta da abin da ake nema. Idan kwalabe rufaffu ake sanyayawa, a bar shi, domin yana nan a digiri 0 muddin da sauran ƙanƙara a ciki, kuma ruwa ya fi iska ɗaukar zafi fiye da ninki ashirin, don haka kwalbar da ke nutse a ciki ta fi saurin yin sanyi. Idan kuwa dunƙulen kansa ake son ya daɗe, wannan halin na ruwa shi ne zai cinye shi, sai a ɗora shi a kan 'yan katakai a bar ruwan ya tsiyaye. Ruwan kula ba na sha ba ne, tunda hannaye da bayan leda sun shiga cikinsa.

Wadda ba ta da kula, ko take sayar da ƙanƙarar kanta, ta nemi busasshen garin katako, wanda ba ya wahalar samu a garin da yake da masassaƙa irin na unguwar Sokoban da ke Kumasi. Garin katako yana riƙe iska a tsakanin ƙwayoyinsa ya hana ta motsi, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta iya ɗaukar zafi sosai. Dabarar tsohuwa ce: Frederic Tudor, wani ɗan kasuwa na Boston a Amurka wanda ya shahara da rufe ƙanƙara da garin katako, ya aika da tan 180 a jirgin ruwa zuwa Kalkata ta Indiya a 1833, kuma bayan tafiyar kusan wata huɗu, wadda ta ratsa yankuna masu tsananin zafi, kimanin tan 100 ya isa. A naɗe kowane dunƙule cikin leda mai kauri domin kada ya ƙazantu, a shimfiɗa garin katako mai kaurin tafin hannu a cikin akwati ko buhu, a jera dunƙulen manne da juna, a rufe su da garin ta ko'ina. Wanda ya jiƙe a shanya shi kafin a sake amfani da shi, domin ruwa ya riga ya cike gurbin iskar.

A nan ne ya kamata a raba wannan da dabarar jiƙaƙƙen buhu. Randa da tulu suna sanyaya ruwa ne saboda ruwan da ke tsattsafowa ta jikinsu yana zama tururi ya tafi da zafi, kuma a kan wannan ne Mohammed Bah Abba, wani malami daga arewacin Najeriya, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani a ƙauyukan Jigawa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Dabarar tana son busasshiyar iska, don haka a Kumasi da hunturu ne kawai, wajen Disamba zuwa farkon Fabrairu, take yin aiki sosai. A lokacin ana iya lulluɓe jakar ruwan leda da jiƙaƙƙen buhun algarara a wuri mai iska domin ta ɗan huce kafin ta shiga kula. Ita ƙanƙara kuwa ta riga ta fi duk abin da buhun zai iya kaiwa sanyi, saboda haka jiƙaƙƙen buhu a jikinta hanya ce kawai yake buɗe wa zafi.

Gishiri yana da amfani a lokacin gaggawa, misali saura minti ashirin a sha ruwa, kaya kuma ba su yi sanyi ba. Idan aka gauraya mudu ɗaya na gishiri da kamar uku na farfasasshiyar ƙanƙara, ƙanƙarar za ta narke da sauri tana jan zafi daga duk abin da ke kusa, haɗin kuma yana iya sauka har kusa da digiri 21 ƙasa da sifili. A tsoma rufaffun kwalabe ana jujjuya su, a cire kafin su fara daskarewa, a ɗauraye bakinsu. Ƙanƙarar za ta ƙare da wuri, don haka ba dabarar yini ba ce, kuma kada a bar yara su riƙe haɗin a tafin hannu, domin yana ƙona fata.

Farar ƙanƙarar da ke taruwa a bangon firiza tururin iska ne da ya daskare kai tsaye ba tare da ya zama ruwa ba, kuma tana tare hanyar da zafi zai bi ya isa bututu. Idan kaurinta ya kai rabin santimita, a kwashe kaya zuwa kula, a zare filogi, a ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki har ta saki da kanta, sannan a goge a busar. Kada a kankare ta da wuƙa ko sukudireba, domin bututun yana dab da bango, hudawa ɗaya tana fitar da sinadarin gaba ɗaya, R600a kuma yana kama wuta. Idan ƙanƙarar tana dawowa da sauri bayan an wanke, a gwada robar bakin murfi ta hanyar maƙala takarda a rufe a ja. Idan ta zame ba tare da turjiya ba, iska tana shiga ta nan, kuma robar tana buƙatar a sauya ta.